Jijiya ɗaya ce ko biyar? Muhawara kan sunayen sassan jiki

Ɗalibar Jinya:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah malamai ku fitar da ni daga duhu. Mako uku ke nan da muka fara darasin anatomi da fiziyoloji, kuma kullum da dare nakan juya abin da aka koya mana zuwa Hausa don ya zauna mini a kai. Sai na zo kan jijiya na cije. Bututun da jini ke bi, jijiya. Abin da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa yatsa, jijiya. Igiyar nan ta bayan dunduniya, ita ma jijiya. A littafi kuwa kowanne da sunansa da babinsa daban. Yaya zan raba su a bakinmu? Kuma tun kafin nan ma, har yanzu ban ga inda anatomi ya tsaya fiziyoloji ya ɗauka ba.

Malam Mai Alli:
Wa alaikumus salam, ɗiyata. Bari in fara da ta biyun, ita ce mai sauƙi. Anatomi ilimin ƙirar jiki ne: mene ne wannan, ina yake, me ke kusa da shi. Asalin kalmar ta Girkanci ce, ma'anarta yankawa, don da wuƙa aka fara sanin abin. Fiziyoloji kuwa ilimin aikin jiki ne. In na ce miki zuciya tana da ɗakuna 4, biyu a sama biyu a ƙasa, tana zaune a ƙirji tsakanin huhu biyu, na yi anatomi. In na ce tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya in baligi yana hutawa, na shiga fiziyoloji. Amma a jarabawa kawai ake raba su. Bangon ɗakin ƙasa na hagu ya fi na dama kauri sosai. In kika tambayi dalili, ƙirar ba za ta ba ki amsa ba sai kin dubi aikin: na dama huhu kawai yake tura wa jini, ga shi nan kusa, na hagu kuwa sai ya kai jini har babban yatsan ƙafa.

Ɗan Aji Ɗaya:
Ni ta jijiyar jini na riga na warware ta. Akwai jijiyar jini mai kyau, wato ja, akwai jijiyar jini mara kyau, wato shuɗi. Ku duba bayan hannunku za ku ga shuɗin.

Dakta:
Ƙanina, wannan ita ce amsar da ta fi kayar da ɗalibai, gara ka bar ta tun yau. Na farko, babu shuɗin jini a jikin ɗan Adam. Duk wanda ya ga an ɗebi jini a sirinji ya ga jinin wannan jijiyar da kake cewa shuɗiya, kuma ja ne, sai dai ja mai duhu. Fata ce da yadda haske ke ratsa ta suke sa ka ga kamar shuɗi, masu zane kuma suka ɗauki launin don sauƙin bambantawa.

Na biyu, ba da kyawun jini ake raba su ba, da inda suka dosa ne. Wadda ta ɗauki jini daga zuciya ta fita da shi, ita ce atari. Wadda ta komo da shi zuciya, ita ce ben. Jijiyar da ke tashi daga zuciya zuwa huhu atari ce, amma jinin cikinta ya riga ya sauke oksijin. Guda 4 da ke komowa daga huhu ben ne, amma su ne cike da oksijin. In ka riƙe mai kyau da mara kyau, a nan za ka kife. Haka ma a cibiyar jariri yana ciki, abin a juye yake.

Ni ra'ayina, 'yar'uwa ɗaliba, ki haddace sunayen yadda suke a littafi ki huta. Duniya ta sha wahala kafin ta taru a kan suna ɗaya. A 1895 masana suka zauna a birnin Basel suka tsayar da jerin sunaye na Latin don sunaye sun yi yawa, kowace makaranta da nata. Wanda ake aiki da shi yanzu an fara fitar da shi a 1998. Mu kuma mu zo mu ƙirƙiro namu, kowa da nasa, mu koma gidan jiya?

Mafassari:
Dakta, ranka ya daɗe, ba wanda ya ce a cire Latin daga fayil ɗin mara lafiya. Amma kai da kanka yanzu da ka zo bayani me ka ce? Ka ce wadda ta fita da jini da wadda ta komo da shi. To ai ka gama fassarar. Jijiyar kai jini, jijiyar komo da jini. Ka ga sunan ma ya ɗauko ma'anar a bayansa, abin da atari da ben ba za su yi wa mai jin Hausa ba. Ɗan Aji Ɗaya da ya fara jin su a haka da bai faɗa ramin da ya faɗa ba.

Dakta:
Suna mai kalma uku ko huɗu? Ka taɓa tsayawa a ɗakin tiyata jini na tsartuwa? Ba wanda ke da lokacin jijiyar kai jini ta cinya.

Sista:
Dakta, a ɗakin tiyata mara lafiya barci yake yi, ku yi Latin ɗinku. Matsalar tana wajen da yake a farke. Ni na fi shekara 20 ina karɓar marasa lafiya, kuma in mutum ya ce mini ciwon jijiya yake yi, wallahi ban san komai ba tukuna. Sai na ce nuna mini. Wata tsohuwa ta ɗaga ƙafa in ga jijiyoyi sun kumbura sun murɗe a sha-raɓa, wannan ta jini ce. Wani ya ce abu ne ke tsarga masa daga ƙugu ya bi bayan cinya har ƙafa kamar wutar lantarki, wannan ta saƙo ce, galibi an danne ta ne a ƙashin baya. Wani yaro ya gurɗe a wajen ƙwallo idon sawu ya kumbura, wannan ta gaɓa ce. Kalma ɗaya, ciwo uku, likita uku. Ƙanwata, abin da za ki koya shi ne tambayar da za ki yi bayan an ce miki jijiya.

Malam Mai Alli:
Kafin a ci gaba da tada jijiyar wuya (ga wata jijiyar kuma), bari in kare Hausa kaɗan, don na ga kamar ana yi mata kallon mai ƙarancin kalmomi. Wannan ruɗanin ba mu muka fara shi ba. Kalmar Girkanci da yau duniya ke kiran ƙwayar jijiyar saƙo da ita, wato niyuron, asalinta igiyar tsoka take nufi, har da tsirkiyar baka. Ta Latin ma haka. Larabci ya ce asab, ya haɗa duka biyun. Dalili a fili yake: in aka buɗe jiki, fararen igiyoyi ne duka, ido ba ya raba su. Sai wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, a Iskandariyya, wani likita mai suna Hirofilus da ya samu damar feɗe gawa ya nuna cewa igiyoyin saƙo daga ƙwaƙwalwa da laka suke tasowa, waɗancan kuwa tsoka kawai suke ɗaurewa.

Ita kanta atari, asalinta bututun iska ake nufi da ita, don a gawa akan tarar da ita fayau babu jini, sai mutanen da suka zaci iska ke bi ta ciki. Jalinus, wani likita Bagirke, shi ne a ƙarni na 2 ya nuna cewa jini ne a ciki. Amma shi ma ya bar nasa kuskuren: ya ce jini na ratsawa daga dama zuwa hagu ta wasu ƙofofi da ido ba ya gani a bangon tsakiyar zuciya. An fi shekara 1000 ana karantar da haka. Ibn Nafis, wanda ya yi karatu a Dimashƙ ya yi aiki a Alƙahira ya rasu a 1288, shi ya rubuta a sharhinsa na Ƙanun, littafin likitanci na Ibn Sina, cewa bangon nan toshe yake, dole jini ya bi ta huhu. Wani likitan Turai mai suna Vesalius ya fitar da babban littafinsa na ƙirar jiki a 1543 ya gyara kurakuran Jalinus da yawa, waɗanda suka samo asali daga feɗe dabbobi maimakon mutane. William Harvey na Ingila a 1628 ya nuna cewa jinin zagayawa yake yi. Har ya mutu bai ga inda masu kaiwa ke haɗuwa da masu komowa ba, sai a 1661 wani likitan Italiya mai suna Malpighi ya gan su da madubin ƙara girma a huhun kwaɗo. Su ma can kalmomin tsofaffi ne, aka matse ma'anarsu bayan an gane aikin.

Ɗalibar Jinya:
Malam, Allah ya ƙara ilimi. Amma yaya Harvey ya gane zagayawa yake yi alhali bai ga mahaɗar ba?

Malam Mai Alli:
Da lissafi da kuma hannu. Lissafin, da alƙaluman yau: kowane bugu zuciya na tura kamar mililita 70. In ta buga sau 70, kusan lita 5 ke nan a minti ɗaya, kuma duk jinin jikin baligi bai wuce wajen lita 5 ba. A da ana cewa hanta ce ke ƙera sabon jini jiki yana shanyewa. Wace hanta ce za ta ƙera lita 300 a awa ɗaya? Dole jinin nan ɗaya ne yake kewayawa.

Na hannun kuwa ki gwada yanzu. Ki saki hannunki ƙasa har jijiyoyin bayansa su taso. Ki zaɓi doguwa guda, ki danne ta da yatsa ɗaya ta wajen yatsu, ki sa wani yatsan ki share jinin zuwa sama wajen wuyan hannu, sannan ki ɗaga na biyun ki bar na farkon. In kin dace da wurin, za ki ga wani yanki ya kwanta babu jini, bai cika daga sama ba, don akwai 'yar ƙofa a ciki da ba ta barin jini ya koma baya. Ki ɗaga yatsan farko, nan take za ki ga ta cika daga ƙasa. Shi Harvey ya yi nasa gwajin ne a hannu da aka ɗaure a damtse.

Ɗan Aji Ɗaya:
Na gwada, ta yi! Na janye shuɗin jini, a yafe mini.

Mai Gashin Ƙashi:
Ni dai a ɓangarena Hausa ba ta bar mu hannu rabbana ba, mu ne muka yi watsi da kalmar. Agara. Igiyar da ke haɗa tsoka da ƙashi ita ce agara, kuma ta bayan dunduniya ita ce mafi kauri da ƙarfi a jiki. Ki tsaya a kan yatsun ƙafa ki taɓa ta za ki ji ta miƙe kamar tsirkiya. Wadda ke haɗa ƙashi da ƙashi a gaɓa kuwa ni maɗaurin gaɓa nake ce mata, kuma ban taɓa samun wanda bai gane ba. Ita ce ke yagewa a targaɗe. Ga kuma guringuntsi da ke shimfiɗe a bakin ƙasusuwa don kada su goge juna.

Ta saƙo kuma ga yadda nake nuna ta. Kowa ya taɓa buge gwiwar hannunsa ya ji wani zirr har ƙaramin yatsa. A nan jijiyar ta biyo ta bayan ƙashi dab da fata. Ku lura da kyau in ta sake faruwa: ƙaramin yatsa ne da rabin na kusa da shi kawai suke ɗauka, babban yatsa ba ruwansa, don wata jijiyar ce daban ke kula da shi. Wanda ya gane wannan ya gane cewa kowace jijiyar saƙo da unguwarta. Tagwaye 12 ne ke fitowa daga ƙwaƙwalwa, tagwaye 31 daga laka.

Mafassari:
To kun gani. Kai jini, komo da jini, saƙo, agara, maɗaurin gaɓa. Biyar cif. Dakta, saura me?

Dakta:
Saura da yawa, malam. Agara na karɓa, ban ma san na manta da ita ba. Amma ka fassara mini fankiriyas. Na sha jin ana cewa saifa ce ke yin insulin, har a bayanin ciwon sukari. Saifa tana sama ta hagu a ƙarƙashin haƙarƙari, aikinta tace jini da kawar da jajayen ƙwayoyin da suka tsufa, don kowace ba ta wuce kwana 120 ko kusa da haka, tana kuma taimakon garkuwar jiki. Ana cire ta mutum ya rayu. Fankiriyas kuwa tana kwance a bayan tumbi, ita ke yin insulin da ruwan narkar da abinci. Wanda ya rasa sunanta sai ya ari na maƙwabciyarta, ga shi an haifi ƙarya. Irin wannan ce nake tsoro.

Mafassari:
A nan ina tare da kai ɗari bisa ɗari. Inda babu kalma a ara, mu ce fankiriyas, kamar yadda muka ce asibiti da allura ba wanda ya mutu. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a bar hanta, huhu, ƙoda, saifa, matsarmama, mafitsara, maƙogwaro, tantani, kaluluwa, duk muna da su, a ce sai an yi wa tsohuwa Turanci.

Sista:
Ku ƙara da ciki. Cikina ke ciwo na iya zama tumbi, ko hanji, ko mara, ko mahaifa, kuma in mace ta ce ina da ciki wani zancen ne daban. Shi ya sa ake raba ciki gida 4 da layi biyu da suka gicciye a cibiya. Hanta da matsarmama a sama ta dama, tumbi da saifa a sama ta hagu, apendis a ƙasa ta dama. Wanda ya ce zuciyata ke zafi ya nuna ƙahon zuci, sau da yawa ruwan tumbi ne ke tasowa. Amma kada ki kuskura ki raina, ƙanwata, don ciwon zuciya na gaske ma yakan zo a nan.

Ɗalibar Jinya:
Sista, wannan dama da hagun ma sun ba ni kunya a makon jiya. An ba mu zane an ce mu nuna hanta, na nuna daidai, amma na rubuta hagu don tana hagu da ni. Malamin ya zagaye da jan biro ko magana bai yi ba.

Dakta:
Kowa ya sha wannan jan biron. Dama da hagu na mai jikin ne, ba na mai kallo ba. Kuma duk bayanin anatomi ana yin sa ne a kan tsayuwa guda: mutum a miƙe, fuska gaba, hannuwa a gefe, tafin hannu na kallon gaba, babban yatsa na waje. Ko mara lafiya a kife yake, a haka za ki ƙaddara shi. Shi ya sa ake cewa babban yatsan hannu yana waje, ƙarami yana ciki, ko yaya mutum ya juya hannunsa. Gwiwar hannu ta fi wuyan hannu kusa da tushe, haƙarƙari ya fi huhu kusa da fata. Kalmomin a bibbiyu suke tafiya, kuma kullum kwatanta abu da abu ake yi. Hoton ƙirji ma haka ake rataye shi, kamar mutumin na fuskantarki. In kin ga inuwar zuciya ta karkata wajen hannunki na dama, lafiya lau, hagunsa ke nan. Huhun dama kashi 3 ne, na hagu 2.

Ɗan Aji Ɗaya:
Tambaya ɗaya. Tishu fa? Na ce nama, wani ya ce mini jini ma tishu ne.

Malam Mai Alli:
Gaskiya ya faɗa maka. Nama ba zai ɗauka ba. Tsarin daga ƙasa yake hawa: ƙwayar halitta, wato sel, sai tarin ƙwayoyi masu aiki iri ɗaya, shi ne tishu, sai gaɓa kamar zuciya ko ƙoda, sai ƙungiyar gaɓoɓi masu aiki tare. Tishu iri 4 ne: mai lulluɓe da shimfiɗa, mai haɗawa da tallafewa, tsoka, da na jijiyar saƙo. Ƙashi da kitse da agara da jini duk suna cikin na biyun. Kalmar daga Faransanci take, ma'anarta abin da aka saƙa, don haka ni a aji saƙa nake cewa, yara kuma suna kamawa. Ga gaɓa ma ta kawo tata rigimar, don mahaɗar ƙashi ma gaɓa ce, amma wannan a bar ta sai wani zaman.

Shugaban Zaure:
Jama'a an yi nisa. Ɗalibar Jinya, an biya ki ko da saura?

Ɗalibar Jinya:
An biya ni har da gyara, ranka ya daɗe. Saura guda ɗaya tak. Mai Gashin Ƙashi ya ambaci laka. Ni da na ɗauka laka ɓargon ƙashin baya ce, kamar ɓargon cinya.

Dakta:
Larabci ma kalma ɗaya ya ba su, nukha'u, sai a ƙara ta ƙashi ko ta baya. Amma ba su haɗa komai ba. Ɓargo yana cikin ƙashi, jajayen ƙwayoyin jini da farare da masu daskarar da jini a can ake ƙera su. Laka kuwa ci gaban ƙwaƙwalwa ce, ta fito ta ƙasan ƙoƙon kai ta bi ta ramin da ƙasusuwan baya suka yi. Ƙasusuwan 33 ne: 7 a wuya, 12 a ƙirji, 5 a gadon baya na ƙasa, sai 5 da suka manne a ƙugu da 4 na ƙarshe. Ita lakar ba ta kai ƙasa ba, a baligi tana ƙarewa ne wajen na ɗaya zuwa na biyu cikin biyar ɗin nan na ƙasa.

Sista:
Ki riƙe wannan da kyau, ƙanwata, za ki buƙace shi ranar da aka ce za a ɗebi ruwan baya ko za a yi allurar kashe ƙasan jiki, dangi su taso miki cewa za a taɓa laka a gurgunta musu ɗa. Ki sa hannu a saman ƙashin ƙugunki dama da hagu, ki ja layi zuwa tsakiyar baya. Wajen ƙashi na huɗu ke nan cikin biyar ɗin nan na ƙasa. A nan ake sa allurar, ƙasa da inda laka ta ƙare.

Ɗalibar Jinya:
Na taɓa, na ji wurin. Gobe da safe muna da gwajin ƙasusuwa 206, bari in je in kama haddar na wuyan hannu, guda 8 ne kuma har yanzu 5 kawai nake kawowa. A yi mini addu'a.